In An Cire Mafitsara, Ina Fitsari Zai Bi?

Jawabin da kwamitin lafiya na ƙungiya ya gabatar a taron ƙarshen wata, Maitama, Abuja

Mai girma Shugaba, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, muna neman afuwa tun kafin mu fara. Maganar da aka ɗora mana yau tana da nauyin faɗi a gaban manya, domin ta shafi fitsari da al'aura. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In mu mun ji kunya mun yi shiru, ita cutar ba ta jin kunyar kowa.

Mu nan Maitama dukkanmu zuwa muka yi. Wani aikin gwamnati ya kawo shi bayan da aka dawo da hedikwatar ƙasa daga Ikko a 1991, wani kasuwanci, wani tuƙi, wani gadi. Amma iyayenmu suna gida, Kano, Sakkwato, Zamfara, Haɗeja, kuma in ciwo ya gagara sai a ce a kai shi wurin ɗansa na Abuja. A sauke mana tsoho yana fitsarin jini, a yi ta zirga-zirgar asibiti, daga ƙarshe likita ya ce ciwon daji ne a mafitsara, sai an cire ta. Nan take tsoho zai yi tambaya guda: to in an cire, ina fitsarin zai bi? Da ya ji an ambaci jaka a jikin ciki, sai ya ce a mai da shi gida, gara ya mutu da tsarkinsa. Akwai dattijon da mu da kanmu muka raka tasha a kan haka. Bayan wata bakwai aka dawo da shi, likitoci suka ce lokacin aiki ya wuce. Allah ya jiƙansa. Abin da ke damunmu har yau shi ne, ranar da ya yi tambayar ba mu da amsar da za mu ba shi. Ita ce muka nemo muka kawo muku.

Aikin mafitsara

Da farko mu gane cewa ba mafitsara ce ke yin fitsari ba. Ƙoda biyu ne ke tace jini su fitar da shi, kamar lita ɗaya da rabi a yini, watau ledar fiya wata uku. Daga kowace ƙoda akwai siririn bututu da ke sauko da shi zuwa mafitsara. Ita kuwa randa ce kawai. Tana ɗaukar kimanin leda guda, tana sanar da mutum in ta cika, tana kuma riƙewa har ya sami wurin tsugunawa. Saboda haka mutum na iya rayuwa shekara da shekaru ba shi da mafitsara, muddin ƙodarsa na aiki kuma an sama wa fitsarin hanya.

Me ya sa ciwon ya fi kama mutanenmu?

A ƙasashen Turai, shan taba ne babban dalili, shi ke jawo wajen rabin ciwon dajin mafitsara. A nan ma taba na yin ɓarnarta, amma mu muna da ƙarin wani abu, wato tsargiya. Wanda ya tashi a bakin ruwa ya san ta. A wasu garuruwanmu har ana cewa yaro ya fara zama namiji in ya yi fitsarin jini. Alhali kuwa tsutsa ce, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano a Alƙahira a 1851. Tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi, ta fito cikin ruwa, ta shiga ta fatar mai wanka ko mai su ko mai dashen shinkafa. Ƙwayayenta na maƙalewa a bangon mafitsara suna ci mata rai a hankali, shekara ashirin, talatin, har wurin ya rikiɗe ya zama daji. Tun 1911 wani likita mai suna Ferguson ya lura da wannan alaƙa a Masar.

Ku tuna da madatsar Tiga da kadadun Kadawa da Kura, da Bakolori a Talatar Mafara, da Goronyo, da fadamun Haɗeja da Nguru. Ruwan nan ya ciyar da mu, amma inda ruwa ya kwanta nan dodon koɗi ke yaɗuwa. Shi ya sa a rahotannin asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ciwon dajin mafitsara na sahun gaba cikin waɗanda ke kama maza. Saboda haka wanda ya yi ninƙaya a kududdufi yana yaro, ko da yau yana zaune a ofis mai sanyi a Maitama, maganar nan ta shafe shi.

Yaushe ake cirewa?

Ba duk mai ciwon ake cire wa mafitsara ba. In tsiron yana sama-sama, ana shiga da na'ura ta hanyar fitsari a kankare shi ba tare da an tsaga ciki ba, a riƙa zuba magani a cikin mafitsarar, a kuma riƙa leƙawa da kyamara lokaci-lokaci. Sai in ya kama naman bangon, ko yana ta dawowa, sa'an nan ake maganar cirewa. Wasu ana fara yi musu ƙarin ruwan maganin daji kafin aiki. Wasu ƙalilan ana iya barin mafitsarar a haɗa musu magani da gashi. Sai dai irin da tsargiya ke kawowa bai cika jin magani da gashi ba, tiyata ce babban makaminsa. Ƙa'idar likitoci kuwa ita ce, in an yanke shawarar aiki kada a wuce wata 3 ba a yi ba.

Aikin babba ne, ba za mu ɓoye muku ba. Yakan ci awa huɗu zuwa shida ko fiye, da kwanciyar asibiti ta mako ɗaya zuwa biyu in komai ya tafi daidai. A namiji ana haɗawa da ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda ake kira furosteti. A mace sau da yawa ana haɗawa da mahaifa. Bayan an cire, sai likita ya juya kan tambayar tsohon nan. Hanyoyin da aka fi bi guda huɗu ne, kuma dukkansu da hanjin mutum ake yin su.

Hanya ta farko: jaka a jikin ciki

Likita zai yanko guntun ƙaramin hanji kamar santimita 15 zuwa 20, tsawon taƙi guda ke nan, ya ɗinke sauran hanjin ya ci gaba da aikinsa. Bututun ƙoda biyu sai a dasa su a wannan guntun, a fito da bakinsa ta gefen dama na ciki, ƙasa da cibiya kaɗan. Wurin yana zama ja kamar cikin baki, ba ya zafi. Fitsari na ɗiga dare da rana cikin wata jakar roba da ake mannawa a fata. In ta ɗan taru a buɗe bakinta a zubar, bayan kwana uku zuwa biyar a sake sabuwa. Wani likitan Amurka, Eugene Bricker, ya yaɗa wannan dabara a 1950, kuma har yanzu ita aka fi yi a duniya.

Dalili kuwa shi ne, ta fi sauran sauƙin yi, ta fi gajeren lokaci a ɗakin tiyata, tana karɓar tsoho da mai raunin ƙoda. Jakar tana kwanciya a ƙarƙashin riga, wanda ke sahu ɗaya da kai ba zai sani ba. Wahalarta a ƙasarmu ita ce samun jakar. Daga waje ake shigo da ita, kuɗinta na bin dala, kuma ba a kowane kemis ake samu ba. Zafi da gumi na sa mannin ya saki, in fitsari ya taɓa fata ta yi ta saɓa. Shawara ɗaya a nan: kafin aiki a nemi a yi alamar wurin da biro, mutum ya zauna, ya tashi, ya yi ruku'u da sujada, a tabbata bai faɗa kan tazugen wando ko inda ake ɗaura zane ba.

Ga wanda jikinsa ya yi rauni ƙwarai, ana iya fito da bututun ƙodar kai tsaye ta fata ba a taɓa hanji ba. Shi ma jaka zai sa.

Hanya ta biyu: sabuwar mafitsara

A nan ana ɗaukar ƙaramin hanji mai tsawo, santimita 40 zuwa 60, a tsaga shi, a naɗe, a ɗinka shi kamar ƙwarya, a ajiye inda tsohuwar take, a haɗa da hanyar fitsari ta asali. Likitocin garin Bern na Suwizalan da na Ulm a Jamus suka kyautata ta a shekarun 1980. A nahiyarmu kuwa, cibiyar ƙoda da mafitsara ta Mansura a Masar, wadda Farfesa Muhammad Ghoneim ya kafa a 1983, ta yi suna a kanta, domin su ma tsargiya ce ta addabe su.

Kowa ya ji wannan sai ya ce ita yake so, tunda babu jaka. To amma a saurara. Hanji bai san ya cika ba, kuma ba ya matsewa da kansa. Mutum ba zai ji fitsari irin na da ba, da agogo zai riƙa zuwa bayi, da farko duk awa biyu, daga baya duk awa uku zuwa huɗu, har cikin dare sai ya sa ƙararrawa. Zama zai yi ya yi nishi da naman ciki. Watannin farko akwai yoyo, kuma yoyon dare yakan daɗe wa mutane da yawa. Wasu kuma, musamman mata, fitsarin ba ya fita duka, sai sun riƙa zura roba da hannunsu. Har ila yau ba kowa ake yi wa ba. Dole ƙoda da hanta su kasance lafiya, dole ciwon bai taɓa hanyar fitsari ba, dole kuma mutum yana da hankali da ido da hannun da zai kula da kansa.

Hanya ta uku: ma'aji a ciki, roba a hannu

Wannan tsaka-tsaki ce. Ana ɗinka ma'aji da hanji a cikin ciki, a yi masa 'yar ƙaramar ƙofa mai rufe kanta a fata, wani lokaci a cikin cibiya. Ba jaka, ba ɗiga. Duk awa huɗu zuwa shida mutum ya wanke hannu, ya zura siririyar roba, ya tsiyaye, ya rufe da ɗan filasta. Wadda ta fi shahara an fito da ita a jihar Indiyana ta Amurka a 1987. Sharaɗinta shi ne horo. In mutum ya yi sakaci, ko ya yi tafiya ya manta robarsa, ma'ajin na iya cika ya fashe, wannan kuwa maganar rai ce. Hanji kuma bai daina fitar da yauƙinsa ba, sai ana wanke ma'ajin, in ba haka ba tsakuwa ta taru.

Hanya ta huɗu: ta dubura

Ita ce mafi tsufa, tun 1852 aka gwada ta a Landan. Ana dasa bututun ƙoda a ƙarshen babban hanji, fitsari ya riƙa fita tare da bayan gida. Likitocin Mainz a Jamus sun gyara ta a farkon shekarun 1990, suka faɗaɗa wurin ya zama ma'aji. Ba jaka, ba roba, ba abin saye duk wata, shi ya sa likitocin Afirka ke duba ta ga mutumin ƙauye, ana ma yin ta ga matan da yoyon fitsarinsu ya ƙi ɗinkuwa. Kafin aiki ana gwada ƙarfin duburar, a zuba ruwa a ga ko mutum zai iya riƙewa. Haɗarinta uku ne. Ƙwayoyin cuta na iya hawa su kama ƙoda. Hanji na tsotse gishirin fitsari ya mai da shi jini, jinin ya yi tsami, mutum ya yi ta kasala, sai da ƙwayar magani. Bayan shekara goma zuwa sama kuma wani tsiro na iya fitowa a mahaɗar, don haka dole a riƙa leƙa hanjin.

To wacce ta fi?

Jama'a, babu wadda ta fi a kan kowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aikaci ɗan shekara hamsin da ke nan Abuja kusa da likitansa, mai lafiyar ƙoda, sabuwar mafitsara na iya dacewa da shi. Tsoho ɗan saba'in da biyar mai rawar hannu da ciwon suga, jaka ta fi masa aminci. Manomin da zai koma ƙauye inda ba jaka ba roba, a tattauna ta huɗu da likita. Kuskuren da mu 'yan birni kan yi shi ne mu ce a yi wa Baba mafi tsada, don kada a ce mun gaza. Alhali mu za mu koma ofis, shi ne zai tashi ƙarfe biyun dare.

A kuma sani cewa wani lokaci sai an buɗe ciki likita zai ga abin da ya shirya ba zai yiwu ba, ya koma kan jaka. Gara mara lafiya ya ji wannan kafin a sa masa barci, kada ya farka ya ce an yaudare shi.

In kun shiga wurin likita, ku shiga da takarda. Ku tambaya: ciwon ya kai ina? Ƙodar na da ƙarfi? Wace hanya kuka fi yi a asibitin nan, kuma sau nawa a shekara? Ina za mu sami jaka ko roba, nawa ne a wata? In matsala ta taso a gida, wa za mu nema? Likitan kirki ba ya fushi da tambaya. A bar mara lafiya ya ji da kunnensa, a yi masa fassara tsakani da Allah, kada a rage masa komai. In mace ce, a shiga da 'yarta ko 'yar'uwarta, domin akwai abin da ba za ta faɗa a gaban ɗanta namiji ba.

Kowace hanya aka bi, ba a rabuwa da asibiti. Ana awon jini don duba ƙoda da tsamin jini, ana hoton ciki. Wanda aka ɗebar wa hanji mai yawa, bayan wasu shekaru sinadarin B12 na iya yi masa ƙaranci, allura ce maganinsa. Shan ruwa da yawa wajibi ne, don haka kafin azumi a tuntuɓi likita.

Maganar salla da iyali

Mu dawo kan abin da ya mai da dattijon nan gida. Ba mutuwa yake tsoro ba, tsarkinsa yake ji. Mu ba malamai ba ne, ga su nan zaune za su gyara mana. Amma abin da muka koya a littattafan Malikiyya da muka tashi a kansu shi ne, mai yoyon fitsari mai uzuri ne. Fitsarin da ke fita ba da ikon mutum ba, yana lizimtarsa rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala, kuma an yi rangwame a kan abin da ke da wuyar kiyayewa. Mai jaka ya zubar da ita, ya yi alwala, ya shiga sahu. Masu ita na zuwa Juma'a, suna zuwa aikin Hajji. Muna roƙon malamanmu su faɗi wannan a wa'azi, domin kalma ɗaya daga bakin liman ta fi goma daga bakin likita.

Ta wajen iyali, aikin kan raunana ƙarfin namiji, haihuwa ta hanyar da aka saba kuma takan tsaya. Akwai dabarar kare jijiyoyin in ciwon bai kai can ba, akwai kuma magunguna bayan aiki. Ga mace ma akwai canji. Miji da mata su ji bayanin tare. Iyayenmu mata, kada a ware wa mai jaka kwano ko tabarma. Ciwon daji ba a ɗaukarsa, jakar da ta zauna daidai kuma ba ta wari.

Abin da ya rage gare mu

Duk zaɓin nan huɗu na wanda ya zo da wuri ne. Wanda ya makara, ciwon ya toshe ƙoda ko ya bazu, zaɓin ya kuɓuce masa. Saboda haka duk baligin da ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne, ko ba zafi, ko ya ɗauke da kansa, kada ya ce tsargiyar yarinta ce ko zafin rana ko sanyi. Kada ya tsaya kan jiƙo da kafso na kemis. Ya fara da asibitin gunduma da ke nan Maitama a yi awon fitsari da hoton ciki, ya nemi a tura shi wurin likitan mafitsara, a Asibitin Ƙasa ko asibitin koyarwa na Gwagwalada. Na gida kuma akwai asibitin Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato. Ba sai an ɗauko kowa zuwa Abuja ba, sau da yawa kusa da gida ya fi saboda komawa ganin likita.

Yaranmu da ke zuwa hutu gida suna faɗawa rafi, in an ga alama a kai su awo. Maganin tsargiya ƙwaya ce mai suna farazikwantal, ana sha gwargwadon nauyi ko tsawon yaro, ana ma raba ta a makarantu. In an zo rabawa kada a hana. Masar da ta matsa wa tsargiya lamba, irin dajin da take kawowa ya ragu ƙwarai a can. Masu shan taba kuma, kun dai ji.

Daga ƙarshe kwamiti na gabatar wa taro shawara uku. Na ɗaya, a ware wani abu daga asusun taimako don sayen jaka da roba, domin mun saba haɗa kuɗin tiyata a mako guda, sa'an nan mu manta da mutum alhali buƙatarsa ta kowane wata ce. Na biyu, a sami mutum biyu, namiji da mace, masu jin Turanci da riƙon amana, da za su riƙa raka baƙinmu wurin likita. Na uku, duk wanda aka yi wa wannan aiki a cikinmu, in ya yarda, ya zauna da wanda za a yi wa, su biyu kawai. Da dattijon nan ya ga sa'ansa ya ɗaga riga ya nuna masa, ya kuma ce da shi tashi mu je masallaci, muna kyautata zaton da bai hau motar nan ba.

Wanda ke da tambayar da ba ya son yi a bainar jama'a, ya same mu bayan an tashi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.